Ƙunar da Ido Ba Ya Gani: Gobarar Boston ta 1942 da Abin da Ta Koya wa Likitoci Game da Huhu

A daren Asabar, 28 ga Nuwamba, 1942, da misalin ƙarfe goma da kwata, wuta ta tashi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove da ke birnin Boston a Amurka. Izinin da hukuma ta ba gidan bai wuce na mutum 460 ba, amma a wannan dare fiye da mutum dubu ne a ciki, da yawansu sojoji da ke hutu, domin a lokacin kusan shekara guda ke nan da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. An ƙawata gidan da itatuwan kwakwa na jabu, an kuma lulluɓe rufinsa da yadi. Wutar ta bi rufin, ta hau matakala, cikin 'yan mintuna ta mamaye ko'ina. Babbar ƙofar shiga irin mai juyawa ce, jama'a suka yi mata cincirindo har ta cije. Wasu ƙofofin a kulle suke, wasu kuma ta ciki suke buɗewa, nauyin mutane ya danne su. Mutum 492 suka rasa rayukansu.

Abin da ya ɗaure wa masu aikin ceto kai shi ne, sun tarar da wasu gawarwakin zaune a kujerunsu, babu alamar wuta a jikinsu. Wasu kuma sun fito da ƙafarsu, suna magana, ƙunarsu ba ta taka kara ta karya ba, amma bayan 'yan sa'o'i numfashi ya gagare su. Daga wannan dare ne aikin likitancin ƙuna ya fara ɗaukar huhu da muhimmanci daidai da fata. An ɗauki fiye da shekara hamsin kafin a gane yadda gobara ke raba jini da iska a cikin ƙirjin mutum, kuma kowace matsala da aka warware ita ce ta tona wadda ke ƙarƙashinta.

Asibitoci biyu a dare ɗaya

Mafi yawan waɗanda aka kwaso an kai su Asibitin Birnin Boston, inda fiye da mutum 300 suka isa cikin ɗan lokaci. Babban Asibitin Massachusetts ya karɓi mutum 114. Daga cikinsu 75 sun iso a mace ko kuma sun cika jim kaɗan da isowarsu, 39 ne kawai aka kwantar.

An yi sa'a asibitocin ba a barci aka same su ba. Tun bayan harin Pearl Harbor a Disambar 1941, inda sojojin ruwa da dama suka ƙone, gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a binciken maganin ƙuna, asibitocin Boston kuma suka tanadi ruwan jini, wato filasma, don jiran ko-ta-kwana. Likitan tiyata Oliver Cope na Babban Asibitin Massachusetts yana cikin masu wannan bincike. A zamanin, al'adar likitoci ita ce a kankare ƙuna sannan a shafa mata sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, don fatar ta bushe ta yi ɓawo. Cope ya hana yin haka. Ya sa aka rufe raunukan da bandeji mai laushi da aka shafa wa man basilin, aka mai da hankali kan ƙarin ruwa da numfashi. A watan Disamba kuma kamfanin Merck ya aiko da sabon maganin nan fenisilin, wanda a lokacin ba a fara sayar da shi a kasuwa ba, aka gwada shi a kan wasu daga cikin majinyatan.

Dabarar Cope ta yi aiki a kan fata. Amma daga cikin mutum 39 da aka kwantar, bakwai sun rasu a kwanakin farko, kuma lalacewar hanyoyin numfashi ce ta kashe su. A watan Yuni na 1943 mujallar likitocin tiyata ta Annals of Surgery ta keɓe fitowa guda ga rahotannin asibitin. A ciki, likitan hoton ƙirji Richard Schatzki ya nuna yadda wasu sassan huhun majinyatan suka lotse saboda iska ta daina shiga, wasu sassan kuma suka kumbura saboda iska ta shiga ta kasa fita. Masu binciken gawa, Tracy Mallory da William Brickley, sun tarar da fatar cikin bututun iska ta mutu ta saɓule ta toshe hanya. Likitocin da suka rayu a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun ga kamanni tsakanin wannan da abin da iskar guba ta yi wa sojoji a ramukan yaƙi na Faransa.

Inda jini da iska ke haɗuwa

Fahimtar abin da suka gani na buƙatar sanin aikin huhu. Iskar da mutum ke shaƙa, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, tana bin maƙogwaro zuwa bututun iska. Bututun yana rabuwa kamar rassan itace, kowane reshe ya fi na bayansa ƙanƙanta, har ya ƙare a ƙananan jakunkunan iska da yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Kowace jaka tana kewaye da siraran jijiyoyin jini, kuma bangon da ke tsakanin iska da jini ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Ɓangaren dama na zuciya yana tura dukkan jinin jiki ta cikin waɗannan jijiyoyi, kimanin lita biyar a kowane minti ga babban mutum da ke hutawa. A nan ne hemogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja, yake ɗaukar oksijin ya kai wa sauran jiki.

Ana iya kwatanta tsarin da kasuwa da motocin dako. Jakunkunan iska su ne kasuwanni, oksijin shi ne kaya, jini kuma shi ne motoci. Kaya ba ya isa gari sai an cika sharuɗɗa uku: kasuwa ta ci, mota ta je kasuwar da ta ci, sannan motar tana da wurin ɗaukar kaya. Gobara tana iya ɓata ukun duka, amma ba lokaci guda ba. Tana cika motar da wani kaya dabam cikin mintuna, tana toshe hanyar kasuwa cikin sa'o'i, sannan cikin kwanaki ta sa motoci su riƙa zuwa kasuwannin da suka watse suna dawowa wayam.

Mintunan farko: gubar da ke cikin jini

Waɗanda aka tarar a mace a kan kujerunsu, ilmin da zai bayyana mutuwarsu ya riga gobarar da kusan ƙarni guda. A 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya nuna cewa iskar kabon monoksayid, wadda ke fitowa idan abu ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, tana maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin. A 1896 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya shiga mahaƙar kwal ta Tylorstown a yankin Wales bayan wata fashewa, ya binciki gawarwakin mahaƙa, ya gano cewa akasarinsu wannan iska ce ta kashe su, ba ƙarfin fashewar ko ƙuna ba. Shi ne ya ba da shawarar mahaƙa su riƙa shiga da ƙananan dabbobi kamar ɓera ko tsuntsun kanari, waɗanda gubar ke kayarwa kafin ta kayar da mutum.

Hemogulobin yana riƙe kabon monoksayid fiye da yadda yake riƙe oksijin da ninki 200 ko fiye. Saboda haka ɗan kaɗan a cikin iskar ɗaki ya isa ya mamaye babban kaso na jinin mutum. Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba: ɗan oksijin da ya samu wuri, hemogulobin yana ƙanƙame shi ya ƙi sakar wa gaɓoɓi. Iskar ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai ruɗewa, sai suma, ta yadda mutum kan rasa hankalin da zai nemi ƙofa da shi tun kafin wuta ta iso inda yake. A cikin rufaffen ɗaki kuma wutar kanta tana cinye oksijin da ke wurin.

Maganin shi ne oksijin tsantsa. Idan mutum yana shaƙar iskar duniya, jikinsa na buƙatar sa'a huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar. Da oksijin tsantsa, lokacin yana raguwa zuwa sa'a ɗaya da 'yan kai. Daga baya an gano abokiyar tafiyarta. A 1991 wani bincike da Frédéric Baud da abokan aikinsa suka yi a birnin Paris ya nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda gobarar gida ta rutsa da su suna ɗauke da sinadarin sayanayid a jininsu, wanda ke fitowa daga ƙonewar katifar soso, ulu da wasu robobi. Shi sayanayid ba ya hana jini ɗaukar oksijin, ƙwayoyin halittar jiki yake hanawa su yi amfani da shi.

Sa'o'in farko: hanyar da ke rufewa

Tambayar da ta biyo bayan gobarar Boston ita ce: shin zafin wuta ne ke ƙona huhu? A 1945 Alan Moritz na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka amsa ta ta hanyar gwaji a kan dabbobi. Sun gano cewa busasshiyar iska, komai zafinta, ba ta ɗauke da zafi mai yawa, kuma hanci da baki da maƙogwaro suna sanyaya ta kafin ta sauka ƙasa. Ƙunar zafi takan tsaya a sama, wajen maƙogwaro. Tururi ne kawai ya fita daban, domin yana ɗauke da zafi fiye da busasshiyar iska ninki dubbai, yana kuma iya kai ƙuna har cikin huhu.

Wannan ya raba raunin gida biyu. A sama akwai ƙunar zafi, wadda ke sa maƙogwaro ya kumbura a hankali cikin sa'o'i, har ya iya rufewa ruf. Shi ya sa mutum kan fito daga gobara yana magana, daga baya muryarsa ta dushe, numfashinsa ya fara ƙara, sannan ya shaƙe. A Boston an huda wa wasu majinyata maƙogwaro don a buɗe wa iska hanya. A ƙasa kuma akwai ƙunar sinadarai. Hayaƙi cakuɗe ne na ƙananan ɓarɓashin baƙi da iskoki masu cin nama, waɗanda ke narkewa a danshin bututun iska su kashe fatar cikinsa. Ƙananan gasun da ke share majina zuwa sama suna daina aiki. Matattun ƙwayoyin fata da majina da sinadarin daskarar da jini suna haɗuwa su zama toshi mai kamannin reshen da ya toshe. Waɗannan toshe-toshe ne suka haifar da abin da Schatzki ya gani a hotunansa.

Likitan sa barci na asibitin, Henry Beecher, ya ƙara wani darasi da ya shafi gadon majinyaci kai tsaye. Wasu daga cikin waɗanda aka kawo suna ta fizge-fizge da sambatu, abin da kowa zai ɗauka raɗaɗi ne, ya miƙa hannu ga allurar mofin. Beecher ya yi gargaɗi cewa ƙarancin oksijin a ƙwaƙwalwa ma yana kawo irin wannan hali, kuma mofin yana rage ƙarfin numfashi. Wanda aka kwantar wa da hankali da allura alhali iska yake nema, an ƙara tura shi ga halaka.

Ruwan da ke ceto, ruwan da ke nutsarwa

Kafin a kai ga abin da ke faruwa da jinin huhu, sai an bi ta kan ruwa, domin nan ne matsalar fata da ta huhu suka yi karo. A watan Nuwamba na 1921 gidan sinima na Rialto da ke New Haven ya ƙone. Frank Underhill na Jami'ar Yale, wanda ya yi binciken iskar guba a lokacin yaƙi, ya auna jinin waɗanda suka ƙone, ya tarar ya yi kauri ƙwarai. Ya kuma lura cewa ruwan da ke cikin bororon ƙuna ya yi kama da ruwan jini. A lokacin ana zaton wata guba ce daga ƙonanniyar fata ke kashe mutane. Underhill ya ce asarar ruwa ce: jijiyoyin jini suna yoyo, ruwan jini yana tsiyayewa zuwa cikin nama, abin da ya rage a jijiya ba ya isar zuciya ta tura wa ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Cope da ƙaramin abokin aikinsa Francis Moore, wanda yana cikin likitocin da ke bakin aiki a daren gobarar, sun ci gaba daga nan. A 1947 suka wallafa bincike da ya nuna cewa yawan ruwan da majinyaci ke buƙata ya danganta da faɗin fatar da ta ƙone. A ɗaya asibitin kuma, Charles Lund da Newton Browder sun fitar da taswirar auna faɗin ƙuna a 1944, wadda ake amfani da ita har yau. A 1968 Charles Baxter na Asibitin Parkland da ke Dallas ya kawo lissafin da ya fi shahara: mililita huɗu na ruwan gishirin asibiti a kan kowane kilo na nauyin mutum, a kan kowane kashi ɗaya cikin 100 na fatar da ta ƙone, cikin sa'a 24 na farko, rabinsa a sa'a takwas na farko. Mai nauyin kilo 70 da kashi 40 na jikinsa ya ƙone zai sha ƙarin ruwa fiye da lita 11 a rana guda.

Wannan ya ceci rayuka masu yawa, amma ya jefa likita cikin tsaka mai wuya. Idan ƙuna ta yi faɗi, yoyon jijiyoyi ba ya tsayawa a wurin da ya ƙone. Sinadaran gina jiki da ke riƙe ruwa a cikin jijiya suna raguwa, a lokaci guda kuma sinadaran kumburi da raunin ke saki suna matse jijiyoyin huhu, matsin jini a cikinsu ya hau, ɓangaren dama na zuciya ya ƙara wahala. Duk ruwan da ya wuce kima yana iya taruwa a huhu, ya kuma ƙara kumburin maƙogwaro. Saboda tsoron haka, likitoci da dama sun riƙa rage wa masu raunin hayaƙi ruwa. Binciken shekarun 1980 ya nuna kuskuren hakan: wanda ya shaƙi hayaƙi ya fi wanda ya ƙone kawai buƙatar ruwa, kuma ƙwauron ruwa na ƙara lalata huhun. Sai kuma aka zarce ɗaya gefen, har a shekarar 2000 Basil Pruitt, tsohon shugaban cibiyar ƙuna ta sojojin Amurka da ke San Antonio, ya yi kashedi cewa ana ɗura wa majinyata ruwa fiye da abin da lissafi ya tanada. Abin da aka tsaya a kai shi ne a fara da lissafi, sannan a riƙa daidaitawa kowace sa'a bisa yawan fitsarin da ƙoda ke fitarwa.

Kwanakin farko: jini ya ɓata hanya

Huhu yana da wata dabara tasa ta kare kai. A 1946 masana biyu na ƙasar Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, suka nuna a kan kyanwoyi cewa idan oksijin ya ragu, jijiyoyin huhu suna tsukewa. Wannan akasin abin da jijiyoyin sauran jiki ke yi ne, domin su buɗewa suke yi. Hikimar a bayyane take: idan wani sashe na huhu ya toshe, jijiyoyinsa sai su tsuke, jini ya karkata zuwa sashen da ke samun iska. Wato motoci suna kauce wa kasuwar da ba ta ci ba.

Yadda ƙuna da hayaƙi ke karya wannan dabara ya fito fili ne a garin Galveston na jihar Texas, inda Daniel Traber da David Herndon suka shafe shekaru, tun daga shekarun 1980, suna gwaji a kan tumaki. Huhu yana da hanyoyin jini biyu. Akwai babbar hanya da ke kai jini ya ɗauki oksijin, akwai kuma wata ƙarama da ke ciyar da bututun iska kansu, wadda a lafiyayyen jiki ba ta ɗaukar fiye da kimanin kashi ɗaya cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa. Masu binciken sun gano cewa bayan shaƙar hayaƙi, jinin wannan ƙaramar hanya yana ƙaruwa ninki goma ko fiye. Bangon bututun yana kumbura, ruwa yana tsattsafowa cikinsa yana ciyar da toshi, sinadaran kumburi kuma suna gangarawa daga nan zuwa cikin huhun kansa. Da suka toshe wannan hanya a jikin tumakin, lalacewar huhun ta ragu sosai.

Sun kuma gano cewa huhun da ya ji rauni yana samar da iskar naitirik oksayid fiye da kima. Wannan sinadari aikinsa a jiki shi ne buɗe jijiyoyin jini, kuma gano hakan ne ya jawo wa masana uku kyautar Nobel a 1998. Idan ya yi yawa a huhu, jijiyoyin da ya kamata su tsuke sai su zauna a buɗe. Jini ya ci gaba da kwarara ta sassan da suka toshe ko suka cika da ruwa, ya koma zuciya kamar yadda ya fito, ya gauraya da jinin da ya samu oksijin ya rage masa ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa a wannan mataki ƙara wa majinyaci oksijin kaɗai ba ya wadatarwa: iskar ba ta isa inda jinin ke bi. Sai an share toshin, an kuma sake buɗe jakunkunan da suka lotse ta hanyar tura iska da matsi. Idan ƙunar ta zagaye ƙirji, ƙonanniyar fata takan ƙandare kamar ƙirgi ta hana ƙirjin buɗewa, sai likita ya tsaga ta.

Sunan da aka ba abin, da farashinsa

Shekara ashirin bayan gobarar, a 1962, Anne Phillips da Oliver Cope suka duba bayanan waɗanda ƙuna ta kashe a asibitinsu cikin shekaru masu yawa. Sakamakon ya nuna cewa da ƙarin ruwa ya rage mutuwar kwanakin farko, lalacewar hanyoyin numfashi ta fito a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu kisa. A 1967 David Ashbaugh da Thomas Petty na birnin Denver suka bayyana majinyata 12 da huhunsu ya yi tauri ya cika da ruwa bayan munanan raunuka ko cututtuka dabam-dabam, oksijin kuma ya kasa ɗaga su. Bayanin nasu ya nuna cewa huhu yana iya durƙushewa saboda kumburin da ya taso daga wani wuri a jiki. Ke nan mai babbar ƙuna yana cikin haɗari ko da bai shaƙi hayaƙi ba.

A 1987 Khan Shirani da Basil Pruitt da Arthur Mason suka sa wa abin adadi, bayan nazarin majinyata fiye da dubu a San Antonio. Raunin hayaƙi yana iya ƙara yiwuwar mutuwa da kashi 20 cikin 100 a kan abin da shekarun mutum da faɗin ƙunarsa suka nuna. Ciwon nimoniya yana iya ƙarawa da kashi 40. Idan suka haɗu, ƙarin yana kaiwa kashi 60. Huhun da ya rasa fatar cikinsa da gasun share majina fili ne ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa nimoniya kan biyo baya cikin mako na farko.

Kayan aiki ma sun sauya. Daga shekarun 1970 likitoci suka fara zura siririn bututu mai fitila cikin hanyar iska don su ga raunin da idonsu su kuma wanke shi, domin hoton ƙirji na ranar farko sau da yawa ba ya nuna komai. Na'urar taimaka wa numfashi ta zama ruwan dare, amma ita ma an gano tana da nata lahanin. A shekarar 2000 wani babban gwaji a asibitocin Amurka ya nuna cewa rage yawan iskar da na'urar ke turawa a kowane numfashi, daga mililita 12 zuwa shida a kan kowane kilo, ya rage mutuwar masu irin ciwon da Ashbaugh da Petty suka bayyana daga kimanin kashi 40 zuwa 31 cikin 100. Ita kuwa 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, wadda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro tushenta a farkon shekarun 1970, tana da makanta a daidai wannan wuri. Irin wadda aka saba gani ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da kabon monoksayid. Tana iya nuna 98 alhali mutum yana cikin guba.

Abin da ya saura

A Boston, kotu ta samu mai gidan rawar, Barney Welansky, da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure shi. Dokokin gini sun sauya a jihohi da dama: dole ƙofofin fita su riƙa buɗewa ta waje, dole a sa ƙofofi na yau da kullum a gefen ƙofa mai juyawa, an kuma hana ƙawata wuraren taro da kayan da ke saurin kama wuta. Duk da haka abin ya maimaita kansa. A watan Janairu na 2013 gobarar gidan rawa na Kiss a garin Santa Maria na ƙasar Brazil ta kashe mutum 242, akasarinsu ɗalibai, kuma hayaƙin soson da aka manna a rufi ne ya kashe mafi yawansu.

Ilmin da aka tara tun daga 1942 ya taƙaitu a 'yan alamomi da kowane ma'aikacin lafiya, har ma da ɗan'uwan majinyaci, zai iya dubawa. Shin a rufaffen wuri wutar ta same shi? Ya suma, ko na ɗan lokaci? Fuskarsa ta ƙone, ko gashin hancinsa ya babbake? Akwai baƙin hayaƙi a bakinsa ko a kakinsa? Muryarsa ta sauya? Wanda ke da irin waɗannan alamomi yana buƙatar oksijin nan take da sa ido a asibiti na aƙalla kwana guda, ko da fatarsa lafiya lau take, ko da shi da kansa ya ce ya ji sauƙi. Sashen farko na labarin kuma ba ya buƙatar gobara: kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe saboda sanyin hunturu, ko janareto da aka kunna a cikin gida, suna fitar da iskar da Haldane ya samu a jinin mahaƙan Tylorstown.

Mutum 32 daga cikin 39 da Cope da abokan aikinsa suka kwantar sun koma gida. Sauran bakwai ɗin an rufe musu raunukan fata yadda ya kamata, an kuma ba su ruwan jini. Binciken dalilin mutuwarsu ne ya sa a yau, idan aka kawo wanda gobara ta rutsa da shi, likita ke fara sauraron muryarsa da duba maƙogwaronsa kafin ya auna faɗin ƙunar.